Na ajiye atenolol kwana uku, zuciyata ta riƙa dukan uku-uku: yaya zan rabu da shi lafiya?

Tambaya: Likita, shekarata 54, ɗan kasuwa ne ni. Shekara shida ke nan ina shan atenolol miligiram 50 kowace safiya saboda hawan jini. Gaskiya ya ishe ni. Kullum cikin kasala nake, ƙafafuna sanyi ƙalau ko da ana zafi, harkar iyali ma ta ja baya. Watan jiya na ajiye shi da kaina. A kwana na uku zuciyata ta riƙa dukan uku-uku, hannuna na rawa, barci ya gagara, dole na koma sha. Wani abokina ya ce jikina ya kamu da shi ne kamar mai shan ƙwaya, har abada ba zan iya bari ba. Haka ne? In ba haka ba ne, ta wace hanya zan rabu da shi?

Amsa: Malam, komawar da ka yi ita ce daidai, kuma ka ci gaba da sha yadda ka saba har ranar da za ka zauna gaban likitan da ke duba ka. Amma maganar abokinka babu ita. Atenolol ba ya sa maye, ba ya sa mutum ƙawar sa irin ta taramol ko kodin, kuma mutane da dama sun rabu da shi lafiya lau. Abin da ya same ka a kwana na uku abu ne da likitoci suka sani tun shekarun 1970, kuma yankewar da ka yi lokaci guda ce ta jawo shi.

Atenolol yana cikin dangin magungunan da ake kira beta blocker, tare da propranolol, bisoprolol, metoprolol, carvedilol, nebivolol da labetalol. Idan mutum ya tsorata, ko ya hau bene, ko ransa ya ɓaci, jiki na sakin sinadarin adirenalin, shi ne ke umartar zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi. Umarnin yana shiga ne ta wasu 'yan mitsi-mitsin makarɓai da ke jikin tsokar zuciya, waɗanda ake ce wa beta. Maganin nan sai ya je ya zauna a kansu ya tare hanya. Bugu ya ragu, ƙarfin harbawa ya sassauta, jini ya sauka, zuciya ta samu sauƙin aiki.

To amma jiki ba ya naɗe hannu. Da ya ga saƙonsa ba ya isa, a hankali sai ya ƙara yawan makarɓan nan, ya ƙara musu kaifi. Ka san yadda ake yi da rediyon da batirinsa ya yi sanyi: a ƙure masa murya don a ji labarai. Ranar da aka zuba sabon batir ba a rage muryar ba, sai ƙarar ta firgita kowa a zaure. Shekara shida jikinka na ƙure murya. Rabin atenolol ɗin da ka sha yana fita ta ƙoda cikin awa shida zuwa bakwai, don haka bayan kwana ɗaya ko biyu da kyar a samu ɓurɓushinsa a jini. Su kuwa makarɓan sai sun ɗauki kwanaki, wani lokaci har mako biyu, kafin su koma yadda suke. A wannan tsakanin ne ɗan adirenalin ɗin da kowa ke da shi yake sa zuciya gudu, hannu rawa, gumi, ciwon kai, fargaba marar dalili, jini kuma ya yi sama.

Ga wanda jijiyoyin zuciyarsa suke a buɗe, wannan wahala ce ta 'yan kwanaki. Ga wanda suka tsuke, abin na iya zama ajali. Zuciyar da ke gudu tana neman ƙarin jini don ciyar da kanta, tsukakkiyar jijiya kuma ba ta iya kai shi, sai ciwon ƙirji ya taso, ko jijiyar ta toshe gaba ɗaya, ko bugun ya rikice. Abin da ya sa na damu da naka shi ne, mutum mai shekara 54 da hawan jini na shekaru yana iya samun tsukewar nan bai sani ba, domin maganin da kansa yana rufe alamarta. Shi ya sa a Amurka hukumar kula da magunguna ta sa aka rubuta gargaɗi mai ƙarfi a takardar atenolol, metoprolol da propranolol cewa kada a yanke su lokaci guda, a bi a hankali, ko da hawan jini kaɗai ake yi wa magani.

Kafin a zo kan yadda ake ragewa, akwai tambayar da ta riga ta, kuma ita ce mutane ke tsallakewa: don me aka ɗora ka a kansa tun farko? Ƙwaya ɗaya ce, amma dalilan bayar da ita sun sha bamban, kuma amsar "zan iya dainawa?" tana bin dalilin ne.

Idan zuciyar ce ta yi rauni, wato irin ciwon da ke zuwa da kumburin ƙafa, haki, da kasa kwanciya sai an tara filo, wannan magani yana cikin waɗanda ke riƙe da mutum. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 1999, ɗaya kan bisoprolol ɗaya kan metoprolol, kowanne ya nuna mace-mace sun ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku. Kuma jin sauƙi ba ya nufin an warke. A 2019 likitoci a Landan sun wallafa gwajin da suka yi da mutum 51 waɗanda zuciyarsu ta farfaɗo har hotonta ya nuna ƙalau, aka janye musu magunguna a hankali ƙarƙashin kulawa. Cikin wata shida, kusan mutum 4 cikin kowane 10 ciwon ya dawo musu. Ina jaddada wannan ne saboda matanmu. Raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, har likitocin Zariya suka yi rubuce-rubuce a kansa tun shekarun 1970, suna danganta shi da wankan jego, kunun kanwa da kwanciya kan gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Mace za ta sha carvedilol wata huɗu, kumburi ya saɓe, ta ce alhamdu lillahi, ta ajiye, ga wani cikin ya shiga. Irin waɗannan ne ake dawo da su asibiti ranga-ranga. Duk wadda ke karanta wannan kuma take cikin wannan hali, bayanin ragewa da zai zo a ƙasa ba nata ba ne.

Haka wanda bugunsa ke rikicewa, irin wanda ake ji ba tsari, maganin ne ke hana zuciyar tserewa, in za a cire sai an sa wani a madadinsa. Mai ciwon hanta da jijiyoyin maƙogwaronsa suka kumbura, ana ba shi propranolol ko carvedilol don kada su fashe, yankewa kan iya ƙarewa da aman jini. Mai maƙoƙon da ke aiki fiye da kima kuwa, dama na wucin gadi ne ake ba shi, kafin carbimazole, maganin maƙoƙon kansa, ya kama. Masu shan sa don ciwon kai na ɓari ɗaya, rawar hannu ko faɗuwar gaba, su ne suka fi samun sauƙin rabuwa da shi, ko da yake su ma a hankali za su bi.

Batun waɗanda jijiyar zuciyarsu ta taɓa toshewa ya fi sarƙaƙiya, kuma a nan ne ilimi ke motsi a 'yan shekarun nan. A da ana ɗora kowa a kai har ƙarshen rayuwa. A 2024 wani babban gwaji da aka yi mafi yawansa a Suwidin, da mutum sama da 5,000, ya nuna cewa wanda aka buɗe masa jijiyar kuma zuciyarsa ba ta raunana ba, fara ba shi maganin bai rage mutuwa ko sake toshewa ba. A shekarar dai, wani gwaji a Faransa ya ɗauki mutum kusan 3,700 da suka riga suka daɗe suna sha, aka dakatar wa rabinsu. Waɗanda aka dakatar wa sun fi komawa asibiti, bugunsu ya ƙaru da kusan 10 a minti, jininsu ya ɗan hau, kuma abin mamaki ba su ce sun fi jin daɗin jikinsu ba. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne ƙin farawa daban, cire wa wanda ya saba daban. Wannan hukunci ne na likitan zuciya bayan ya ga hoton zuciyar.

Yanzu kai. Ka ce hawan jini ne kaɗai. In haka ne, kuma ba ka taɓa ciwon ƙirji ba, ba a taɓa ce maka zuciyarka ta yi rauni ko bugunta ya rikice ba, to kana cikin waɗanda sauyi ya dace da su, kuma ni da kaina zan goyi bayan a duba. Tun 2006 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta sauke beta blocker daga sahun farko na maganin hawan jini, domin bai kai sauran kare mutum daga shanyewar ɓarin jiki ba, kuma yana ƙara yiwuwar ciwon suga, musamman in an haɗa shi da maganin sa fitsari. Ga mu baƙar fata kuma akwai ƙari: in aka ba mu shi kaɗai, ba ya sauke jini kamar yadda amlodipine ko maganin sa fitsari ke yi. A 2019 an wallafa wani gwaji da Farfesa Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, da Najeriya da Kamaru a ciki, wanda ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jinin 'yan Afirka. Wannan ba aibata beta blocker ba ne. James Black, masanin da ya ƙirƙiro propranolol a shekarun 1960, ya samu kyautar Nobel a 1988, kuma ya cancanta. Magani ne mai daraja a inda ya dace, sai dai hawan jini zalla ba nan ne ya fi ƙarfi ba. Da yawa an ɗora su a kai ne shekarun baya, suka ci gaba da saye a kyamis da tsohon kwali, ba wanda ya sake waiwayar takardar.

Amma ka riƙe wannan da kyau: rabuwa da atenolol ba rabuwa da maganin hawan jini ba ne. Hawan jinin yana nan. Abin da za a yi shi ne musanya, kuma galibi ana fara sabon ne kafin a fara rage tsohon, ko a lokaci guda, don kada a bar ka ba kariya. Sabon ma yana da nasa halin. Amlodipine kan kumbura idon sawu, lisinopril kan sa busasshen tari. Gara ka sani tun yanzu, don kada ka ajiye shi ma a kwana na goma.

Sai ƙorafe-ƙorafenka uku. Sanyin ƙafa, eh, aikin atenolol ne sau da yawa, kuma yakan tafi in an cire shi. Kasala ma tana iya zama shi, musamman in bugunka a zaune bai kai 55 ba, ko in kana ji ƙafa ta yi nauyi da zarar ka fara sauri. Sai dai kasala 'yar gidaje da yawa ce. Ƙarancin jini, ciwon suga, ciwon ƙoda, maƙoƙon da ya yi sanyi, minshari mai yanke numfashi cikin dare, duk suna kawo ta. Batun ƙoda ma ya shafe ka kai tsaye, domin in ta fara rauni atenolol taruwa yake a jiki, miligiram 50 ta riƙa yin aikin da ya fi na 50. Ka nemi a auna yawan jininka, suga da ƙoda, a yi maka ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, kafin a taɓa komai.

Harkar iyali kuwa, na gode da ka faɗe ta, don yawancin maza shiru suke yi su ajiye maganin a ɓoye. Gaskiya ne tsofaffin beta blocker na iya taɓa wannan ɓangare, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba. A 2003 wasu likitoci a Italiya sun raba maza 96 gida uku, duk aka ba su atenolol iri ɗaya. Rukunin farko ba a gaya musu sunan maganin ba, kashi 3 cikin 100 ne suka yi kukan rauni. Na biyu an gaya musu sunan, ya zama kusan kashi 16. Na uku an gaya musu sunan har da cewa yana iya raunana namiji, sai ya haura kashi 31. Ba cewa nake yi tunani ne kawai ke damun ka ba. Cewa nake yi tsoro yana da rabonsa, haka shi kansa hawan jinin, da suga, da taba, duk suna lalata ƙananan jijiyoyin da al'amarin ya dogara a kansu. Wani lokaci ma raunin nan shi ne ke fara nuna jijiyoyin jiki sun fara tsukewa, shekaru kafin zuciya ta yi magana, wanda ƙarin dalili ne na a duba ka sosai. Ka nisanci maganin ƙarfin maza na 'yan talla. An sha gano sildenafil, maganin ƙarfin maza na asibiti, a ɓoye cikin irinsu, kuma in ya haɗu da maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sa wa a ƙarƙashin harshe, jini kan faɗi warwas.

Ɗauko kwalin ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan sunan. Akwai ƙwayoyi da yawa a kasuwa da aka haɗa atenolol da chlorthalidone, wani maganin sa fitsari, ko da amlodipine, a ƙwaya ɗaya. In naka irin wannan ne, lissafin ya canja ta hanya biyu. Chlorthalidone shi ma yana kawo kasala da raunin namiji, yana kuma zubar da gishirin fotasiyam, don haka mai laifin na iya zama shi. Sannan in ka raba ƙwayar biyu, magunguna biyu ka rage ba ɗaya ba. A irin wannan hali sai an warware su, kowanne a ba ka shi daban, sannan a rage wanda ake son ragewa.

Ita ragewar kanta ba ta da wuya. Takardar maganin ta ce a yi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ga wanda ya shekara shida a kai, kuma ya riga ya ɗanɗani abin da ka ɗanɗana, na fi son a ja ta zuwa mako uku ko huɗu, babu abin da ake asara. Misalin yadda likita zai iya tsara maka: daga 50 a koma 25 na mako ɗaya ko biyu, daga nan 12.5 na wani mako ɗaya ko biyu, sannan a tsaya. Mai bisoprolol 5 yakan sauko 2.5, sannan 1.25. Mai propranolol 40 safe da yamma yakan koma 20 safe da yamma, sannan 10. Wannan misali ne don ka fahimci abin da za a ce maka, ba takardar magani ba ce.

Kuskuren da na fi gani shi ne "yau a sha, gobe a huta". Mutum na ganin ya rage rabi ke nan. A'a. Tunda maganin ba ya daɗewa a jini, abin da ya yi shi ne yanke shi da dawo da shi kowane kwana biyu, zuciya na hawa da sauka. A rage girman ƙwaya, a ci gaba da sha kullum a lokaci ɗaya. In akwai ta 25 a kyamis, saye ta ya fi a riƙa fasa ta 50 da haƙori. In dole sai an raba, a sa reza mai tsabta a bi layin da ke tsakiya. Masu sakin magani a hankali, waɗanda za ka ga an rubuta SR, XL ko LA a gaban sunansu, ba a daka su, ba a tauna su, kafso kuma ba a buɗe shi.

Matakin ƙarshe ne ya fi ba mutane wuya, daga 'yar ƙaramar ƙwaya zuwa babu, fiye da daga 50 zuwa 25. Kada ka yi mamaki in makon farko ya wuce shiru, sai a ƙarshe ka ji motsi.

A duk tsawon wannan lokaci ina so ka zama mai awo. In da hali ka sayi na'urar awon jini ta dantse, ba ta wuyan hannu ba. Safe kafin ka sha magani, da dare kafin ka kwanta, ka zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur, ka auna, ka rubuta a littafi da kwanan wata. In babu na'ura, bugu dai kana iya ƙirga shi: yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka danna kaɗan har ka ji harbawa, ka ƙirga minti ɗaya cif da agogon waya, kana lura ko yana tafiya daidai ko yana tsallake. Ka fara rubutun mako guda kafin a fara ragewa, don a san inda ka taso. In da kana 60 ka koma 72 ko 80, wannan ba ciwo ba ne, bugunka na asali ne ya dawo, kunnenka ne ya manta da shi. Tsakanin 60 da 100 a zaune duk daidai ne. Sau biyu a rana ya isa. Wanda ke ɗaura na'ura kowane minti goma yana tayar wa kansa hankali ne, awon kuma ya ƙara hawa.

Abin da zai sauƙaƙa maka kwanakin nan yawanci ragi ne. Goro, kofi, shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari duk suna zaburar da zuciya, ka rage su sosai, amma in ka saba da goro kullum kada ka yanke shi rana ɗaya, ciwon kai zai ruɗa mana lissafi. Taba da shisha, wannan ce damar barin su. Maganin mura mai buɗe hanci, musamman mai pseudoephedrine, yana ɗaga jini da bugu. Diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake sha kamar gyaɗa saboda ciwon jiki, suna ɗaga jini suna kuma wahalar da ƙoda, farasitamol ya fi maka. A rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa. Ka sha ruwa sosai in ana zafi, domin ƙishirwa kaɗai na ƙara bugu. Tafiya a ƙafa a hankali tana da kyau, amma ɗaukar buhu, turin mota, ƙwallo da gudu a dakata da su har mako biyu bayan ƙwayar ƙarshe. In bugun ya taso maka da dare, tashi ka zauna, ka ja numfashi ta hanci a hankali, ka sake shi ta baki ya fi jan tsawo, ka yi haka na 'yan mintuna. Yawanci yana lafawa.

In bai lafa ba fa? Idan bugunka a zaune ya tsaya sama da 100 kwana biyu a jere, ko awon gida ya riƙa wuce 150 bisa 95, ko rawar jiki da rashin barci sun hana ka sukuni, ka koma matakin da ka baro, ka kira likitanka. Ba gazawa ba ce, an dai yi sauri ne, sai a sake bi da tazara mai tsawo.

Akwai kuma alamun da ba a jira da su, ba a neman shawarar maƙwabci: nauyi ko matsewa a tsakiyar ƙirji, musamman in yana tafiya hannun hagu, wuya ko muƙamuƙi, ko ya zo da gumi mai sanyi, numfashi na gagara kana zaune, suma ko duhun gani, bugu sama da 120 a zaune ko wanda ya rikice ba tsari, karkacewar baki, nauyin harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, awo ya kai 180 bisa 120. Ko ɗaya daga cikinsu, asibiti nan take, kuma wani ya tuƙa ka. Mutanenmu kan ce gyambon ciki ne, su sha maganin ƙwannafi su kwanta. A makonnin rage beta blocker, duk ciwon ƙirji na zuciya ne har sai likita ya ce ba shi ba ne.

Akwai ta ɗaya gefen ma, inda maganin ne ya yi yawa: bugu ƙasa da 50 tare da jiri ko faɗuwa, ko ƙirji ya riƙa kuka irin na mai asma. Nan ma asibiti a ranar, kuma a can likita na iya tsayar da shi nan take yana kallon ka, wanda daban yake da ka tsayar a gida.

Ka zaɓi lokaci. Kada a fara ragewa ana jibi azumi, ko kana shirin tafiya Hajji ko fatauci, ko ana cikin hidimar biki. A watan Ramadan barci ya canja, ƙishirwa ta ƙaru, shayi ya yawaita da dare, ba za a gane me ke kawo me ba. Mai shan ƙwaya ɗaya a rana sai ya mayar da ita sahur ko buɗa-baki ya ci gaba, a bar ragewa sai bayan Salla. In an sa maka ranar tiyata, kada ka ajiye shi don an ce kada ka ci abinci, ka gaya wa mai sa barci kana sha, yawanci za su ce ka haɗiye shi da kurɓin ruwa da safen. In kana shan clonidine, wani maganin hawan jini, tare da shi, ka tabbata likita ya sani, domin beta blocker ake fara janyewa, sai bayan kwanaki a taɓa clonidine, in aka juya tsarin jini kan yi mummunan tashi. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan glibenclamide ya sani cewa maganin nan yana ɓoye bugun zuciya da rawar jikin da ke gargaɗin suga ya faɗi, gumi ne kaɗai ke saura, don haka duk lokacin da aka taɓa adadin a ƙara yawan awon suga.

Mafi yawan yankewar da ke kawo mutane asibiti ba da niyya ake yin ta ba. Magani ne ya ƙare ranar Juma'a, ko kuɗi ya yanke, ko an yi tafiya an bar kwalin a gida. Ka riƙa sayen sabo tun saura na mako ɗaya. In ka ga ba makawa zai yanke, raba abin da ya rage ka riƙa shan rabi-rabi ya fi ka shanye cikakke ka wayi gari babu. In mantuwa ka yi, ka sha da zarar ka tuna a ranar, amma kada ka haɗa biyu washegari.

Yana yiwuwa bayan gwaji likita ya ce ya ga abin da zai sa dole ka zauna a kan beta blocker. Ko a nan akwai abin yi. Ana iya rage adadin zuwa 25 a cike gurbin da amlodipine. Ana iya mayar da shan sa dare, don nauyin jikin ya same ka kana barci. Ana kuma iya sauya maka da wani a cikin dangin: nebivolol da carvedilol suna buɗe jijiyoyi, don haka sanyin ƙafa ya fi sauƙi da su, nebivolol kuma bai cika taɓa harkar namiji ba, sai dai ya fi tsada. Irin wannan sauyi ba ya buƙatar dogon ragewa, tunda makarɓan ba a bar su a buɗe ba. Yau ka sha atenolol 50 na ƙarshe, gobe da safe ka fara sabon a adadin da ya yi daidai da shi, misali bisoprolol 5, a sake auna bugu da jini bayan mako biyu.